Korona Ta Lafa, Gardamar Allura Tana Nan

Ranar 5 ga watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa korona ta fita daga matsayin annobar da ke buƙatar matakin gaggawa. A yawancin garuruwanmu sanarwar ta wuce ba wanda ya waiwaye ta, domin jama'a sun daɗe da yanke nasu hukuncin: an jefar da takunkumin fuska, an kwashe bokitan wanke hannu daga ƙofar bankuna da makarantu, sahun salla ya koma kafaɗa da kafaɗa, masu biki sun koma bikinsu. Sai dai hukumar ba ta ce ƙwayar cutar ta ɓace ba. Cewa ta yi cutar ta zauna, za ta ci gaba da zagayawa tana sauya kama, kuma dole kowace ƙasa ta koyi zama da ita. Zama da cuta irin wannan kuwa ba zai yiwu ba sai an daidaita a kan batun rigakafi, kuma a nan ne muke da sauran aiki. A ganina shakkun da mutanenmu ke yi wa allura yana da asali, yana da tarihi da sunaye da ranaku, don haka duk wanda ya kira shi jahilci zalla ya zalunci mutane, ya kuma toshe wa kansa hanyar gyara. Amma duk sa'ad da shakkun ya kai ga ƙin karɓa, hukumar da ta ci amana da kamfanin da ya yi laifi suna can lafiyarsu ƙalau. Wanda ke ji a jika shi ne yaron da ke cikin gida, ko tsoho mai fama da ciwon suga.

A fara da abin da ya faru, tunda har gobe akwai masu cewa ba a yi korona a nan ba. An tabbatar da mutum na farko a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Ranar 30 ga Maris aka rufe Legas da Ogun da Abuja. Kano ta samu nata na farko ranar 11 ga Afrilu, kuma kafin watan ya ƙare, daidai shigowar azumi, mace-mace suka yawaita har masu haƙar kabari suka riga likitoci magana. Su ne suka san yawan ramin da suka saba haƙawa a yini, su ne suka ga ya ninka, ana sauke wannan makara ana shigowa da wata, tun hantsi har duhun magariba. Galibin mamatan dattawa ne, cikinsu har da malaman jami'a da manyan ma'aikata da masu sarauta. A wannan tsakanin ɗakin gwajin da ke birnin ya tsaya da aiki na wasu kwanaki, asibitoci masu zaman kansu da dama suka rufe ƙofa saboda tsoro, gwamnatin jiha kuma ta fara danganta abin da hawan jini da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin rufe Kano na mako biyu. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa masu bincike sun bi diddigin mace-mace 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa korona ce sanadinsu ko ta taimaka. Ba gawa aka gwada ba, iyalai aka bi gida-gida ana tambayar yadda mamacin ya yi jinya: zazzaɓi, tari, sarƙewar numfashi.

To me ya sa duk da haka mutum mai hankali zai dage cewa ƙarya ce? Saboda abin da idonsa ya gani ya bambanta da abin da aka gaya masa a rediyo. Kusan rabin 'yan Najeriya ba su wuce shekara 18 ba, a Nijar ma sun fi haka ƙuruciya, kuma wannan ƙwayar cuta ta fi yi wa tsofaffi da masu wata larura illa. Matashi zai kamu ya yi kwana uku da mura da kasala, hancinsa ya daina jin ƙamshi, ya sha magani a kemis ya warke, bai san sunan abin da ya same shi ba. Gwaji ya yi ƙaranci, kuma yawancin mace-macenmu ba a rubuta su a ko'ina, ana yi wa mutum sutura cikin 'yan sa'o'i, shi ya sa alƙaluman hukuma suka tsaya a kan mutum dubu uku da 'yan kai a duk faɗin ƙasar. Sunayen farko da aka ji kuma na manya ne: gwamnonin Bauchi da Kaduna sun kamu a watan Maris, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Abba Kyari, ya rasu ranar 17 ga Afrilu. Talaka ya ce cutar masu hawa jirgi ce, amma shi aka hana fita. Mai tura baro da mai facin taya da mai sayar da ƙosai, waɗanda sai sun fita suke ci, su aka ce su zauna a gida cikin azumi, aka rufe kasuwa, aka hana Juma'a, aka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. A Yamai har sai da matasa suka yi arangama da jami'an tsaro kan dokar hana fita da hana sallar jam'i. Sannan a watan Oktoba jama'a suka fasa rumbuna a jihohi da dama suka tarar da buhunan shinkafa da katan-katan na taliya, tallafin korona da aka ce an tanada domin su. Wanda ya ga wannan da idonsa, in aka zo masa bayan wata biyar da allura kyauta, dole ya tambayi dalilin wannan alheri.

Ciwon ma ya girmi korona. A 1996 annobar sanƙarau ta afka wa Arewa ta kashe dubban mutane, yawancinsu yara. Ana tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya turo tawaga Asibitin Zana da ke Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, kusan rabi aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wanda aka saba amfani da shi. Yara 11 suka mutu, biyar daga rukunin farko, shida daga na biyu, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya dage cewa sanƙarau ne ya yi ɓarnar, kuma gaskiya ne sanƙarau yana yin irin wannan. Amma iyaye sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu, takardar izinin gwajin da aka nuna kuma ta bayyana cewa daga baya aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata. Sai a ƙarshen shekarar 2000 jaridar Washington Post ta tona labarin, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, sai a 2011 iyalai na farko suka karɓi diyya. Trovan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da ake ba marar lafiya, ba shi da alaƙa da rigakafi, amma wannan bambanci na likitoci ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne baƙi sun zo da sunan taimako a lokacin annoba, hukumomin gida sun buɗe musu ƙofa, kuma an ɗauki shekara 15 kafin a share wa kowa hawaye.

A kan wannan tabon aka gina ƙauracewar rigakafin shan inna ta 2003. A shekarar da Amurka ta mamaye Iraƙi, Dakta Datti Ahmed na Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci ya yi zargin cewa an gurɓata ɗigon shan inna da sinadarin hana haihuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau. Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin. Sauran sun dawo da wuri, Kano kuwa a ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau ta riƙe wuta kusan shekara guda, sai a watan Yulin 2004 ta amince, bayan gwaje-gwaje a gida da waje, aka kuma kawo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Ba na shakkar cewa da yawa daga cikin waɗanda suka goyi bayan dakatarwar sun yi ne da niyyar kare al'umma. Sai dai sakamakon yana rubuce. A 2002 yara 202 aka tabbatar shan inna ta shanye a Najeriya. A 2006 sun haura 1,100. Ƙwayar da ta tashi daga nan ta bi 'yan kasuwa da matafiya ta shiga ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, daga Chadi da Kamaru da Ghana zuwa Sudan da Yaman, har Indonesiyar da aka sayo maganin. Yaran da suka shanye a waɗannan shekaru yanzu samari ne da 'yan mata, muna ganinsu a kan kekunan guragu a bakin danja da ƙofar masallatai. A ranar 8 ga Fabrairun 2013 kuma 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara a wasu ƙananan asibitoci biyu a Kano, galibinsu mata 'yan gari masu neman na cefane.

Duk wanda ya saurari gardamar da ake yi a ƙofar gida ya san maganar hana haihuwa sau da yawa ita ce ta baki, ta zuci daban take. Ga mata biyu cikin hijabi, ɗaya rataye da akwatin ƙanƙara, ɗaya riƙe da alli da takarda. Sun yi sallama, sun ɗiga wa yaro ɗigo biyu a baki, sun shafa masa tawada a ƙaramin yatsa, sun yi rubutu a jikin katanga, kuma wannan shi ne zuwansu na shida ko na bakwai a shekara. Maigida yana tsaye a zaure yana cewa: "Baiwar Allah, ranar da matata ke naƙuda da tsakar dare ba wanda ya zo. Zazzaɓi ya kama yaron nan, ko farasitamol sai da na saya. Me ya sa wannan kaɗai ake bin mu da shi har ɗaka?" Tambayar tana da amsa ta ilimi, cewa shan inna ba ta da magani in ta riga ta kama, kuma ba a kawar da ita daga duniya sai an rufe mata kowace kafa a lokaci guda. Amma amsar ilimi ba ta kashe ƙorafin, domin ƙorafin na gaskiya ne. Al'amarin bai juya ba sai da aka daina musu da shi. Daga 2009 sarakunan Arewa a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar suka ɗauki aikin a matsayin nasu, magana ta sauka daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Aka ɗauki matan unguwa da kowa ya san gidansu suna shiga suna bayani, waɗanda cutar ta naƙasa suka riƙa bin tawaga suna nuna ƙafafunsu, aka kafa sansanonin duba marasa lafiya inda uwa za ta samu maganin zazzaɓi da gishirin gudawa tare da ɗigon. A 2016 aka ga ragowar ƙwayar ta asali a Borno, ranar 25 ga Agustan 2020 kuma, ana tsaka da korona, aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Mutanen da aka ce ba sa jin magana su ne suka yi wannan aiki.

Saboda haka ban yarda da masu ɗora abin a kan addini ba. Maniyyaci ba ya hawa jirgi sai ya miƙa damtse an yi masa allurar sanƙarau da ta shawara, an ɗiga masa na shan inna, kuma ba a taɓa jin an fasa aikin Hajji a kan haka ba. Da Saudiyya ta sake buɗe ƙofa ga alhazan waje a 2022, bayan shekara biyu da aka taƙaita aikin ga mazauna ƙasar, allurar korona na cikin sharuɗɗa, kuma mutanenmu sun yi. Mai kiwon kaji ba ya wasa da ranar rigakafin Gumboro da Lasota, domin ya taɓa kwashe matattun kaji da kwando. In sanƙarau ya shigo gari da zafin bazara, layi ake yi ana rububin allura. Dattawanmu da yawa suna ɗauke da tabon lamba a damtse, kuma albarkacin wannan tabo ne jikokinsu ba su san agana ba, wadda aka tabbatar da ƙarewarta a duniya a 1980. Mai cewa rigakafi gudun ƙaddara ne kuma yana da amsa a tarihin magabata. Lokacin da Halifa Umar ɗan Khaɗɗabi ya nufi Sham ya samu labarin annobar da aka sani da ta Amwas, ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya nuna damuwa cewa kamar ana guje wa abin da Allah Ya hukunta, Umar ya nuna masa cewa juyawar ma tana cikin abin da Allah Ya hukunta, Abdurrahman ɗan Aufu kuma ya kawo hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta sauka da fita daga cikinsa. Abin da ke raba karɓa da ƙi a wajenmu shi ne ko mutum yana ganin haɗarin da idonsa, da kuma ko ya yarda da hannun da ke miƙo masa kariyar.

Zargin hana haihuwa shi ya fi kowanne daɗewa, yana sauya riga daga ɗigon shan inna zuwa allurar korona zuwa ta kansar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata a 2023, don haka ya cancanci a duba shi da natsuwa. Babu yankin da aka zagaya da ɗigon shan inna a Najeriya kamar Arewa maso Yamma, akwai yaran da suka sha shi sau goma da ɗoriya kafin su shiga firamare. 'Yan matan da suka sha a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 su ne matan aure na yau. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna mace a wannan yanki tana haifar 'ya'ya 6.6 a matsakaicin lissafi, mafi yawa a ƙasar. Da akwai abin da ake faɗa a cikin kwalbar, da tuni ɗakunan haihuwa sun nuna, da ungozoma ta riga kowa sani. Abin da ke toshe mahaifa a wajenmu sananne ne ga likitocin mata: ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba, da cutar da ke shiga bayan haihuwa ko ɓari a wurin da babu tsafta.

Akwai kuma mai cewa an yi gaggawa, yaya za a haɗa allura cikin shekara ɗaya alhali ƙanjamau ya shekara 40 ba a samo tasa ba. Wannan tambaya ce mai kyau. Rigakafi yana nuna wa garkuwar jiki wani ɓangare na ƙwayar cuta wanda ba ya iya haddasa ciwon, domin in ta gaske ta zo jiki ya gane ta ya tare ta da wuri. Ƙwayar ƙanjamau tana sauya kamanni da saurin da ya gagari wannan dabara, tana kuma ɓuya a cikin garkuwar kanta. Dangin korona kuwa masana sun san su tun ɓullar SARS a 2002 da MERS a Saudiyya a 2012, sun san wane ɓangare za a nuna wa jiki. Fasahar mRNA da aka yi wasu alluran da ita an shafe shekaru ana aikinta, har Katalin Karikó da Drew Weissman suka samu kyautar Nobel a 2023 a kan binciken da suka wallafa tun 2005. Abin da aka gajarta shi ne jiran kuɗi da jiran takardu, kuma yawan masu kamuwa ya sa sakamakon gwaji ya fito da wuri. Gwajin allurar Pfizer da BioNTech kaɗai ya ƙunshi mutum sama da 40,000. Ba a ce babu illa ba. Ciwon damtse da zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu abu ne da aka saba gani. A watan Maris na 2021 aka gano allurar AstraZeneca tana haddasa wani nau'in daskarewar jini ga mutane ƙalilan ƙwarai, wasu sun mutu, har Birtaniya ta koma ba 'yan ƙasa da shekara 40 wata daban. Alluran mRNA ma an ga kumburin tsokar zuciya jefi-jefi a samari, galibi mai sauƙi. Hukumomin sa ido ne suka gano waɗannan suka shelanta, kuma ma'aikacin lafiyar da ya ɓoye wa mutum su yana cewa babu komai ya yi wa aikin illa fiye da mai yaɗa jita-jita a WhatsApp. A ɗaya hannun kuma, an yi allurai sama da biliyan 13 a duniya, kuma masana a Imperial College da ke Landan sun ƙiyasta cewa a shekarar farko kaɗai sun hana mutuwar mutum miliyan 14 zuwa kusan 20.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta mai cewa: mu ba mu yi ba, ga mu nan da ranmu, waɗanda suka yi kuma sun sake kamuwa. Kashi na biyu gaskiya ne, musamman bayan ɓullar nau'in Omicron a ƙarshen 2021. Allurar ba ta hana kamuwa gaba ɗaya, aikinta mafi girma shi ne hana ciwon ya kai mutum ga gadon asibiti da tukunyar iskar numfashi da kabari. Kashi na farko ma akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa Satumban 2021 kusan kashi biyu cikin uku na mutanen Afirka sun riga sun kamu, yawanci ba su sani ba, kuma ita kanta hukumar a 2023 ta mayar da fifiko kan tsofaffi da masu ciwon suga da na zuciya da masu juna biyu da ma'aikatan lafiya, ta ce yara da matasa masu ƙoshin lafiya ba su ne a gaba ba. Sai dai masu cewa ga mu nan su ne waɗanda suka rayu, dattawan da aka binne a Kano cikin Afrilun 2020 ba sa cikin mahawarar. Ƙuruciyar jama'armu ce ta tare mana wannan karon, kuma ba kowace annoba ce ke zaɓen tsofaffi ba. Murar 1918, wadda ta shigo ta tashar jirgin ruwan Legas ta biyo hanyar dogo zuwa Arewa, matasa majiya ƙarfi ta fi kashewa, kuma masana tarihi sun ƙiyasta ta ɗauke kusan rabin miliyan a Najeriya. Al'ummar da ta fita daga korona da darasin cewa annoba wasan gwamnati ce ta shirya wa kanta mummunar tarba ga ta gaba.

Manyan ƙasashe ma sun zuba wa shakkun taki. A Afrilun 2020 wasu likitoci biyu a Faransa suka faɗa a talabijin cewa ya kamata a gwada wata allura a Afirka tunda can babu kayan kariya, har shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Ghebreyesus, ya kira maganar ragowar tunanin mulkin mallaka. Da allurar ta samu kuma, masu kuɗi suka saye ta tun tana masana'anta. Ingila ta fara yi wa mutanenta ranar 8 ga Disamban 2020, Najeriya mai mutum sama da miliyan 200 sai ranar 2 ga Maris na 2021 ta karɓi allurai kusan miliyan huɗu ta shirin rabon allura na COVAX. Daga baya aka riƙa turo mana ragowar da wa'adinta ya kusa cika, har ranar 22 ga Disamban 2021 aka kai allurai sama da miliyan ɗaya juji a Abuja aka bi ta kansu da katafila. Wannan wulaƙanci ne, kuma ya dace a kira shi da sunansa. Amma duk mai tunani zai lura cewa ya rushe zancen makirci daga tushe. Da guba ce aka haɗa domin rage baƙar fata, da ba su yi rububinta ga iyayensu da kakanninsu ba su bar mu a ƙarshen layi. Laifin da aka yi mana shi ne hana mu da wuri, kuma maganinsa shi ne a matsa lamba a riƙa haɗa rigakafi a nahiyar nan, a ƙarƙashin idon masananmu.

Tilastawa kuwa ba ta sayo yarda. Daga 1 ga Disamban 2021 gwamnatin tarayya ta ce ma'aikacinta ba zai shiga ofis ba sai da shaidar allura ko ta gwaji. Matakin ya ƙara yawan masu zuwa, ya kuma buɗe kasuwar katin bogi, kamar yadda a zamanin shan inna wasu iyaye kan roƙi a shafa wa yaro tawada a yatsa ba tare da an ɗiga masa komai ba. Takarda ta cika, jiki babu kariya, hukuma kuma ta ruɗi kanta da alƙaluma.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda ɓarnar ta gangara. A shekarun korona rigakafin yara na yau da kullum ya ja baya a duniya, daga kashi 86 cikin 100 a 2019 zuwa 81 a 2021, mu kuwa da ma a baya muke: binciken 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 ne kawai na yaran Najeriya suka kammala alluran farko, a Sakkwato kashi 5. Yara sama da miliyan biyu ba su taɓa karɓar ko ɗaya daga cikin alluran da ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14 ba, adadin da ya sa ƙasar a sahun gaba a duniya. Daga Disamban 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce cibiyarsa, yana toshe maƙogwaron yara har numfashi ya gagara, kuma galibin waɗanda ya kama ba su kammala allurar da ke hana shi ba, allurar da take kyauta a asibitin sha-ka-tafi shekara da shekaru. Ƙyanda ma ba ta daina zagayowa ba. Har shan inna ta samu wata ƙofa: ƙwayar da aka raunana a cikin ɗigon, in ta daɗe tana yawo tsakanin yaran da ba su da kariya a inda babu tsaftar bayan gida, takan sake ƙarfi ta shanye yaro, kuma an ga haka a Sakkwato da Zamfara da Kebbi da Katsina da Kano. Masu adawa suna kafa hujja da wannan, alhali a unguwar da yawancin yara suka sha ba ta samun wurin yawo.

Yanzu ga wata dama ta zo. A Disamban 2024 aka fara yi wa yara allurar zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa, wato cutar da maigidan nan na zaure ya daɗe yana tambayar me ya sa ba a zo masa da maganinta ba. Ba ta hana zazzaɓin ɗungurungum, ba ta maye gurbin gidan sauro, kuma sau huɗu ake yin ta: a wata na 5 da na 6 da na 7, sannan a na 15. Ba za a bi kowa gida da ita ba, uwa ce za ta goyo yaro ta zo da ƙafarta, da izinin mijinta da kuɗin abin hawa. Ko za ta dawo karo na biyu ya danganta da abin da ta tarar a karon farko: ko asibitin a buɗe yake, ko firijin yana da wuta, ko an ce mata ta koma sai an tara yara kafin a fasa kwalba, ko an daka mata tsawa don ta manta kati, ko an gaya mata tun kafin ta tashi cewa jikin yaron zai iya yin zafi da dare da abin da za ta yi in ya yi. Waɗannan ayyuka ne na shugaban ƙaramar hukuma da kwamishinan lafiya da mai unguwa da limamin da ke raɗa suna, kuma kasafin kuɗinsu da albashin masu yin su ana yanke su ne a shekarun da babu annoba, irin wadda muke ciki.